Farin Bututu da Ciwon Baba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ja kwanana har na ga jikoki. Kwanan baya na je barka wani gida a nan Mafara, na tarar an shimfiɗa wa mai jego da jaririnta a ɗakin da ke manne da gidan burodi, wai don ya fi ɗumi. Na kasa cin abincin da aka kawo mini. Na yi ta magana har matan gidan suka fara kallon juna. Tunda baki bai isar ba, bari in rubuta abin da ya sami surukina, mahaifin maigidana, a shekarun da ake aikin dam na Bakolori.

Ni 'yar Bakura ce, aure ya kawo ni Talata Mafara. A lokacin garin cike yake da baƙi, leburori da direbobin tifa da masu walda, mutanen kudu da na ƙetare, kuma kowa da safe shayi da burodi yake nema. Maigidana ya ga haka, ya bar awon hatsi ya gina tanderu a bayan gidanmu. Abin da ya fi damunsa hayaƙi. Bututun langa-langa da ya fara sawa bai daɗe ba ya ruɓe. Sai ya samo wani a gwanjo, farin ƙarfe mai sheƙi irin na cokulan turawa, aka ce masa wannan har abada ba ya tsatsa. Ranar da aka kawo shi a amalanke, sai da ya sa aka shigo da shi cikin gida don in gani. Na ga fuskata a jikinsa ta yi tsawo kamar ta jaki, muka yi ta dariya. Aka gina masa gurbi da bulo aka zura shi ciki, kansa kaɗai ke leƙowa saman rufi yana walƙiya. Duk baƙon da ya zo sai maigida ya nuna masa.

Baba kuwa mutumin wani ƙauye ne na ƙasar Maradun, a bakin gulbi. Da aka tare ruwa, fadamarsa da gidansa da kushewar iyayensa duk suka koma ƙarƙashin tafki. Inda aka mai da su tudu ne mai tsakuwa, can kuma matarsa ta rasu. Maigida ya je ya ɗauko shi. Ya iso da buzun salla da hauya da baƙar kaza guda a hammata. Aka share masa ɗakin da muke ajiye fulawa, domin bangonsa ɗaya shi ne bangon gurbin bututun, kullum da ɗumi, shi kuma yana fama da sanyin gwiwa. Ya jingina bayansa da bangon, ya lumshe ido, ya ce, “Wanga ɗaki ya hi man zahi.”

Tsakanina da shi kunya ce irin ta da. Ban taɓa kama sunansa ba, har yau ba zan rubuta shi ba. In na kai abinci sai in durƙusa a bakin ƙofa in tura akushi, idona a ƙasa. Shi kuma 'yar Bakura yake ce mini. Na fi shekara ina dafa masa abinci ban san kamannin fuskarsa sosai ba.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar damina. Itace duk ya jiƙe, ba ya kamawa, sai masu aikin tanderu suka riƙa zuba masa baƙin man da direbobi ke juyewa daga injin, da yankan tsoffin tayoyi, da guntayen bututun roba na ban-ruwa da ake zubarwa. Ba mu kaɗai ba, kowane mai tanderu haka yake yi, kuma mu ma mun daɗe muna yi. Ciniki ya ƙaru, aka koma hura wuta safe da yamma. Ruwan sama kuma ya hana Baba zama a ƙofar gida, ya koma yini a ɗaki.

Abin da na fara lura da shi, akushi ya riƙa dawowa da tuwo a ciki. Na gaya wa maigida. Ya shiga ya tambaye shi, Baba ya ce kansa ne ke sarawa kamar an naɗa masa rawanin ƙarfe. Aka kira mai kemis na unguwa, ya ce zazzaɓin damina ne, ya yi masa allura ya ba da ƙwayoyi. Kafin kasuwar Talata ta zagayo jiri ya shigo. Ya tashi yin alwalar azahar ya faɗi kusa da randa, ya yi amai. Ina daga madafa ina gani, na tashi na zauna, na sake tashi, ban san ko in je ko in tsaya ba, har Allah Ya kawo maƙwabci.

Washegari maigida ya kai shi asibiti. A shekarun nan asibitin ya yi wa garin kaɗan, ga mutanen ƙauyuka, ga 'yan aikin dam da raunukansu. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin magani daban. Suka yini a gindin dogon yaro. Da la'asar ta yi, tun ba a kai ga kiransu ba, Baba ya ce yunwa yake ji, ya ci ƙosai ya sha kunu, har yana tsokanar wani Bafillace da ke kusa da shi. Da aka shiga, likita ya auna shi bai ga abin tashin hankali ba, ya rubuta maganin ƙarin jini. Suka dawo maigida yana murna. Ba a yi nisa cikin makon ba Baba ya koma kwance, ya fi da.

Daga nan masu dubiya suka fara zuwa, kowa da maganarsa. Mafi yawa suka ce baƙin cikin gona ne, wai tsofaffin da ruwa ya tasa da yawa haka suke ƙarewa. Wasu suka ce hawan jini, a hana shi gishiri. Wata ta ce shawara, a dafa masa rai-ɗore. Duk abin da aka ce sai in yi. Na hana gishiri, na dafa ganye, na jiƙa rubutu. Zama ya gagare ni. In ina daka kunnena na ɗakinsa, in ina salla kunnena na can, ko tari ya yi sai gabana ya faɗi.

Ran wata kasuwa ƙanwar Baba, Gwaggo Tumba, ta iso daga Janbako da ƙullin sassaƙe a kanta. Mace ce doguwa mai faɗa, amma tana son wanta kamar ranta. Ta leƙa shi, ta fito ta tsaya gaban maigida.

“Kai, kuna nan zaune kuna kallo nai? Mutanen ɓoye na gulbi na sunka biyo shi. An tashe su, ba su da wurin zama, shi kau sun san shi tun yana yaro. Ba ni shi in tahi da shi.”

Maigida bai so ba, amma ba a musu da Gwaggo. Aka sa Baba a bayan a-kori-kura, hanyar duk taɓo, suka tafi. Ba a jima ba saƙo ya zo cewa ya miƙe. Maigida ya je ya tarar da shi a gonar Gwaggo yana duba gero, yana yi wa 'ya'yanta faɗa a kan noman da suka yi. Kowa ya ce maganin Gwaggo ya ci. Ni ma na yarda, har turmin zane na aika mata na godiya.

Baba da kansa ya matsa a dawo da shi, ya ce ba zai tare a gidan mijin ƙanwarsa ba. Gwaggo ta rako shi ta zauna da mu. Kasuwa ba ta sake zagayowa ba ciwon ya dawo, wannan karon har da mantuwa. Sai ya yi salla ya tambaya ko an yi kira. Gwaggo ta ce to lallai abin a nan yake jiransa, ta taga yake shigowa. Ta cusa tsummoki ta toshe 'yar tagar ɗakin, ta rataya tabarma mai kauri a ƙofa. A makon nan baƙar kazar Baba, wadda ke kwanci a ƙarƙashin gadonsa jikin bangon nan mai ɗumi, aka same ta a mace a kan ƙwanta, ba ciwo ba rauni. Gwaggo ta ce, “Kun gani ko? Ita ta ɗauke mai.” Aka yi sadaka.

A tsakanin nan ragon da muke kiwo ya tafi, tasoshin jerena ma suka bi shi, wajen malamai da masu magani da kuɗin mota. Ban ji zafinsu ba kamar yadda na ji zafin rashin sanin inda za a dosa. Maigida ya rame. Yana tsaye a bakin tanderu hankalinsa na ɗakin Baba, yana ɗakin Baba ana kiransa a tanderu.

Wata hantsi maigida ya tafi Gusau sayen fulawa, Gwaggo ta shiga kasuwa, na ji Baba yana kakari. Na je bakin ƙofa na yi sallama, bai amsa ba. Na koma tsakar gida, na dawo, na sake komawa. Daga ƙarshe na ɗaga tabarmar na shiga. Ya yi amai ya ɓata gemunsa da rigarsa, yana ƙoƙarin tashi ya kasa. Na ɗebo ruwa na wanke masa fuska da hannuna. Ran nan na fara ganin yana da tabo a gira. Ya kau da kai ya ce, “Yi haƙuri, 'yar Bakura. Ba haka nis so ba.” Na ce, “Baba, ba komai.”

Tun daga ranar na koma yini a ɗakin, da 'yata Sadiya a baya, tana 'yar wata bakwai ko takwas. Ni ke ba shi kunu a baki, ni ke yi masa fifita. Sai ni ma kaina ya fara sarawa, zuciyata tana tashi. Na zaci ciki ne, ko gajiya. Sadiya kuma ta koma yawan barci, in na ba ta nono sai ta kama ta saki. Gwaggo, da yake ba ta iya zama wuri ɗaya, shiga take ta fita, ita ba abin da ya same ta sai ɗan ciwon kai jefi-jefi.

Ranar da abin ya kai maƙura ƙarshen wata ne, an biya ma'aikata, an yi odar burodi mai yawa, wuta ba ta mutu ba tun safe. Bayan azahar hadari ya haɗo, aka kece da ruwa. Na ja ƙyaure don feshi. Ina zaune ina yi wa Baba fifita, sai na ji minsharinsa ya sauya, ya yi nauyi kamar ana jan buhu a ƙasa. Na kira shi, shiru. Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka ƙi. Na kwanto Sadiya, sai kanta ya langaɓe a hannuna. Ban san yadda na yi ba, na dai san da rarrafe na kai ƙofa, ina jan ta da hannu ɗaya, na ture ƙyauren na faɗa cikin ruwan sama. Na yi ihu, ban san ko muryar ta fita ba. Gwaggo ce ta gan mu daga rumfa ta kwarma salati, masu tanderu suka shigo a guje suka ciccibo Baba. Wani direban tifa da ya zo ɗaukar burodi ya kwashe mu zuwa asibiti. Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba, kullum yana cikin addu'ata.

A hanya, iska na dukanmu a bayan mota, Sadiya ta yi atishawa ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

A asibiti ba a sa mu layi ba. Aka sa wa Baba abin numfashi a hanci daga wata doguwar tukunyar ƙarfe, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Likitan da ke aiki ran nan Ba'indiye ne, wata malamar asibiti tana yi masa tafinta. Da ya ga mutum uku daga gida ɗaya, sai ya ja kujera ya zauna gabana. Ya tambaya wa ke ciwo a gidan, wa ba ya yi. Ya tambaya ina kowa ke yini. Na gaya masa yadda Baba ke warkewa in ya bar gida, da yinin da ya yi a gindin bishiya, da zamansa a Janbako. Ban san abin da ya sa ba, har maganar kaza na yi, malamar ta yi murmushi amma ta fassara. Likita bai yi murmushi ba. Ya ce me ke bayan bangon ɗakin? Maigida ya ce tanderu.

Maganar da ya yi har yau tana kunnena yadda malamar ta juya ta: “Akwai hayaƙin da ba ya da wari, ba ya da launi. Shi ke shiga jini ya hana shi ɗaukar numfashi. Kada kowa ya ƙara shiga ɗakin nan.”

Maigida ya ce, “Likita, ba ta inda hayaƙi ka shiga. Bututuna farin ƙarhe na, ba ya tsatsa.”

Likita ya ce shi bai san ƙarfe ba, jini ya sani, a je a duba.

Ni da Sadiya aka sallame mu washegari, Baba aka riƙe shi. Maigida ya kashe wutar tanderu, amma ya kasa sa hannu a ginin. Ya yi ta zagaya shi, ya ɗaga kai ya dubi kan bututun yana walƙiya, ya tafi, ya dawo. Masu shayi suna ta aike. Sai da na ce masa in ba a fasa ba zan ɗauki 'yata in tafi Bakura, abin da ban taɓa faɗa masa ba. Ya aika aka kira mai waldar da ya taya shi sa bututun tun farko.

Ina tsaye daga nesa da mayafi aka fasa bulo aka zaro shi. Na sama lafiya lau, kamar ranar da aka kawo shi. Amma daga tsakiya zuwa gwiwar da ke ƙasa, inda ya lanƙwashe, duk ya yi ɗigo-ɗigo, kuma da mai walda ya ɗaga shi saitin rana sai haske ya riƙa fitowa ta ƙananan huji kamar matankaɗi. Wajen ɗinkin ƙarfen ya tsage, tsawon tafin hannu. Wani ruwa baƙi mai kore-kore ya zubo daga gwiwar, ya taɓa masa hannu, ya yarfe da sauri ya nemi ruwa. Ya ce ai wannan ɗan'uwan ruwan batir ne. Ya yi mana bayani cewa duk lokacin da wuta ta mutu, hayaƙi yakan yi gumi a cikin bututu, ga ruwan sama na shiga ta kai tunda ba a yi masa hula ba. In itace ne busasshe gumin ba ya da ƙarfi. Amma baƙin mai da taya da roba, guminsu tsami gare shi mai cin ƙarfe, yana taruwa a ƙasa yana huda shi daga ciki. Farin ƙarfe ba ya yin ja irin na langa-langa balle a gani a farga. Ya ce shi ma bai taɓa ganin ya ci haka ba.

Aka shiga ɗakin Baba aka janye gado. A bayan tabarmar da aka manna wa bango, daidai inda yake sa kai, bulo ya tsage, kunkunniya ta yi layi baƙi har ƙasa. Maigida ya zauna daɓas a ƙasa. Gwaggo ta je ta fizge tsummokin taga ɗaya bayan ɗaya tana kuka, tana cewa, “Ni na toshe mai. Da hannuna.” Na riƙe ta. Ba wanda ya ga laifin wani a gidan nan, kowa abin da yake ganin alheri ne ya yi.

Baba ya farfaɗo. Aka dawo da shi muka gyara masa ɗakin kusa da zaure mai taga biyu. Ya ci ya sha, ya fita masallaci, muka ce an gama. Bayan 'yan makonni sai ya fara ɓata a hanyar masallacin, ya riƙa sa riga a bai-bai, tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku. Muka kai shi Sakkwato, muka sha layi da kwanan baranda, aka ce hayaƙin ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani yakan dawo, wani ba ya dawowa. Na gode musu da suka gaya mana gaskiya ba su yi ta karɓar abin hannunmu ba. Abin da ke ci mini rai har yau, tambayoyin da likitan nan ya yi mini ba su fi a yi su a tsaye ba, amma sai da muka kusa rasa rai uku kafin wani ya sami sukunin yin su.

Don haka ga abin da nake roƙo. In mutum yana ciwon kai da jiri a gida, yana warkewa in ya fita, a dubi ɗakin kafin a dubi maƙwabta. Kada a kwantar da kowa jikin bangon da hayaƙi ke bi, kome kyan bututun. Masu tanderu su bar ƙona roba da baƙin mai, su riƙa zaro bututu suna duba cikinsa. Maigidana da ya sake gini, can ƙarshen fili ya kai tanderun, ba abin da ya haɗa shi da ɗakin kwana.

Baba ya yi shekaru a haka kafin Allah Ya karɓi abinsa. Sunaye suka zube masa ɗaya bayan ɗaya, har na Gwaggo. Ni kaɗai yake yarda in ba shi abinci, kuma ya daina ce mini 'yar Bakura, ya koma cewa ɗiyata. A ransa ni ya haifa. Wata safiya ina ba shi kunu maigida ya shigo kai tsaye, kamar yadda ɗa ke shiga wurin ubansa. Baba ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa, ya ɓata rai.

“Wane na wanga da ka shigo ma mutane ba sallama?”

Na ce, “Baba, maigidana ne.”

“To in ke yaka aure, haka aka gaida surukai garinsu?”

Na ga idon maigida ya cika. Ya juya ya fita. Na zaci ya tafi ke nan, sai na ji sallama daga waje. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa nesa da buzu, kansa a ƙasa, ya gai da ubansa gaisuwar suruki, ya tambayi kwana da gajiya da sanyi. Baba ya amsa a hankali, da nauyi, sannan ya ce masa, “Ka riƙe ta da kyau. Yarinyar kirki ta.”

Maigida ya ce, “In sha Allahu, Baba.”

Haka ya riƙa yi kowace safiya har ranar da Baba ya rasu. Allah Ya jiƙansu su duka biyun.